Tarihin zane a cikin littattafai: daga zayyanar malaman Sakkwato zuwa hotunan bugu

Duk wanda ya buɗe tsofaffin littattafan da malaman Daular Sakkwato suka bari zai tarar da jar tawada da rawaya, da da'irori masu ado a gefen shafi, a wasu wuraren ma da shafi sukutum da aka cika da zayyana. To sai dai da wuya ya ga siffar mutum ko ta dabba. A nahiyar Turai kuwa, kimanin shekaru ɗari bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, masu zane sun yi suna ne ta hanyar zana jarumai da dodanni na tatsuniyoyi a cikin littattafai masu tsada. Waɗannan hanyoyi biyu sun haɗu a ƙasar Hausa a ƙarni na 20, bayan zuwan injin buga littattafai, kuma haɗuwar tasu ta haifar da tambayoyin da har yanzu ake fama da su game da hoto da asali da kuma kwafi.

Hubbare da gadon rubutu

Hubbare shi ne wurin da aka binne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a shekara ta 1754, ya kuma rasu a birnin Sakkwato a shekara ta 1817. Kalmar ta samo asali ne daga kalmar Larabci ta ƙubba, wadda ta shigo ta hanyar Fulatanci. A nan ne kuma aka binne 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da wasu daga cikin Sarakunan Musulmi, ciki har da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a 1988 da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo a 2006. Masu ziyara na zuwa wurin daga sassa dabam-dabam na Nijeriya da Nijar da ma wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

Jama'ar da Shehu ya jagoranta jama'a ce ta karatu da rubutu. Shi da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello sun wallafa ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma tun da babu injin bugu a wancan lokaci, kowane littafi sai da hannu ake kwafe shi. Wannan ya sa sana'ar marubuta ta bunƙasa a Sakkwato da Gwandu da Wurno da sauran manyan garuruwan daular. Akasarin littattafan fiƙihu da na nahawu an rubuta su ne ba tare da wani ado mai yawa ba, in ban da jar tawada da ake bambanta matani da sharhi da ita. Cikakkiyar zayyana kuwa an fi keɓe ta ne ga Alƙur'ani mai girma da littattafan salati da na yabon Annabi (SAW).

Takarda da tawada da fata

Takardar da aka yi amfani da ita a ƙarni na 19 ba a ƙasar Hausa ake yin ta ba. Mafi yawanta daga arewacin Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, sannan ayarin raƙuma su ƙetaro da ita Hamadar Sahara zuwa Kano da Katsina. Idan aka ɗaga irin wannan takarda aka duba ta a haske, sau da yawa akan ga alamar jinjirin wata guda uku a cikinta, wadda masana'antun takarda irin na iyalin Galvani da ke Pordenone suke sakawa saboda kasuwannin ƙasashen Musulmi. Masu bincike na amfani da waɗannan alamu wajen ƙiyasta shekarun littafin da marubucinsa bai sa kwanan wata ba.

Ita kuwa tawada a gida ake haɗa ta. Wadda ake rubutu da ita a allo, da gawayi da ƙaro ake yin ta domin ta wanku cikin sauƙi. Ta takarda kuma akan dafa ta ne da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe, abin da ke ba ta launin baƙi ko ruwan ƙasa mai daɗewa. Ja da rawaya ana samun su daga ƙasa mai launi da duwatsu da kuma itatuwa. Alƙalami na kara ne, marubuci da kansa yake fiƙe shi daidai da kaurin rubutun da yake so.

Bugu da ƙari, littattafan wannan yanki ba a ɗinke su. Takardu ne a warwatse, ana tara su tsakanin bango biyu, a naɗe da tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, sannan a saka a gafaka. Domin kada shafuka su rikice, marubuci kan rubuta kalmar farko ta takarda mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta. Wannan tsari na ba malami damar raba takardun littafi ɗaya ga almajirai da yawa a lokaci guda. Aikin gafaka kuwa na dukawa ne, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har a kasuwannin Turai, inda aka riƙa danganta ta da ƙasar Maroko saboda ta can take bi.

Zayyanar Alƙur'ani

A Alƙur'anin hannu na ƙasar Hausa da Barno, wanda ake rubutawa bisa ruwayar Warshu, kowane launi da aikinsa. Baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasula, ɗigon rawaya kuma na hamza. Ƙarshen kowace aya akan yi 'yan da'irori uku a haɗe, bayan aya biyar a sa alamar kumsa, bayan goma a sa kuri. A gefen shafi akwai manyan da'irori da ke nuna farkon kowane izu daga cikin izu sittin, da wasu alamun na sumuni da rubu'i da nusufi, da kuma wuraren sujada. Ke nan adon yana taimaka wa mahaddaci da mai tilawa wajen sanin inda suke a cikin karatu.

Inda gwanintar mai zayyana ta fi fitowa shi ne a farkon kowane kashi daga cikin kashi huɗu na Alƙur'ani, wato wajen Fatiha da Baƙara, da surar A'arafi, da surar Maryam, da kuma surar Sad. A waɗannan wurare akan zana babban fili mai kusurwa huɗu, a cika shi da layuka masu sarƙaƙiya da ƙananan gidaje masu launin ja da rawaya da baƙi. Masu nazarin fasaha sun lura cewa wannan ado na kama da wanda ake gani a saƙar tabarma da bargo, da aikin fata, da ɗinkin babbar riga, da kuma zanen bangon soraye. Wannan na nuna cewa marubuta sun ɗebo siffofin adonsu ne daga sana'o'in da ke kewaye da su.

Irin wannan ado ne kuma ake yi wa allon zayyana, wanda ake bai wa ɗalibi a ranar saukar karatu, ɗauke da Fatiha da ayoyin farko na Baƙara. Masani Salah Hassan ya yi cikakken nazari a kan wannan sana'a a wani littafi da ya wallafa a shekara ta 1992.

Dala'ilu da zanen Raula

Littafin da ya fi kowanne kusa da abin da za a kira littafi mai hoto a wannan yanki shi ne Dala'ilul Hairati, wanda Shehu Muhammadu ɗan Sulaimanu Aljazuli na ƙasar Maroko ya tsara. Marubucin ya rasu a shekara ta 1465, kuma kabarinsa na birnin Marrakesh. Littafin tarin salati ne ga Annabi (SAW), an raba shi kashi-kashi domin karantawa a ranakun mako, a farkonsa kuma akwai sunayen Annabi 201 da bayanin yadda kabarinsa da na Sayyidina Abubakar da na Sayyidina Umar suke a Madina.

Wannan bayani ne ya buɗe ƙofar zane. Tun a kwafe-kwafen farko na arewacin Afirka, marubuta sun riƙa zana ɗakin da kaburburan uku suke a shafi guda, a shafin da ke fuskantarsa kuma su zana mumbari da mihirabi. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya, daga baya an koma zana masallatan Makka da Madina dukkansu, da hasumiyoyi da duwatsun da ke bayansu. A Afirka ta Yamma kuwa, ciki har da ƙasar Hausa, an bi wata hanya dabam: kaburburan uku sun zama filaye uku masu kusurwa huɗu a jere, mumbari ya zama 'yan matakala, sauran shafin kuma aka cika shi da irin adon da ake yi wa Alƙur'ani. Yawancin waɗannan kwafe ƙanana ne, daidai tafin hannu, ana saka su a 'yar gafaka a rataya.

Muhimmancin wannan zane na da nasaba da wahalar tafiya aikin Hajji a wancan zamani, lokacin da tafiyar kan ɗauki shekaru. Shehu Usmanu da kansa ya yi waƙar begen ziyarar Madina tun yana matashi, amma Allah bai nufe shi da zuwa ba. Muhammadu Bello ma bai je ba, Abdullahi kuwa ya kama hanya amma ya tsaya a Kano ya komo. Ga dubban mutanen da ke cikin irin wannan hali, shafuka biyu na Dala'ilu su ne suka kusanto musu da siffar Raula.

Matsayin malamai kan hoto

Rashin siffar mai rai a waɗannan littattafai na da tushe a fiƙihu. Akwai hadisai da dama da suka yi gargaɗi game da yin surar abu mai rai, kuma malaman mazhabobi sun yi bayani a kansu ta fuskoki dabam-dabam. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa, an bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda aka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a kan takarda ko tufa, wanda akasarin malaman mazhabar suka ɗauka a matsayin makaruhi ko abin da barinsa ya fi. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996 kuma ake karanta shi a kowane zaure, ya taɓo wannan batu. Zanen itatuwa da gine-gine da siffofin lissafi kuwa babu saɓani a kan halaccinsa.

Ba wai labaran ban al'ajabi ne aka rasa a Sakkwato ba. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya tattara karamomin Shehu a littafinsa Raudul Jinani, sannan ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da na dodanni da ake yi wa yara da dare. Amma duk waɗannan a baki da rubutu suka tsaya, ba a mayar da su hoto ba.

Inda aka zana labarai a ƙasashen Musulmi

A wasu sassan duniyar Musulmi an bi wata hanya. Alal misali, littafin Maƙamatul Hariri, wanda ɗaliban lugga ke karantawa a zaurukan Sakkwato da Kano da Zariya ba tare da hoto ko ɗaya ba, shi ne wani mai zane da ake kira Alwasiɗi ya ƙawata da hotunan fatake da raƙuma da alƙalai da masu wa'azi a shekara ta 1237. Wannan kwafi yana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa da ke birnin Faris.

A ƙasar Farisa kuma sarakuna sun riƙa ɗaukar nauyin zana littafin Shahnama, doguwar waƙar sarakuna da jarumai da Firdausi ya kammala a shekara ta 1010. Kwafin da aka yi wa Sarki Tahmasp a birnin Tabriz a ƙarni na 16 na ɗauke da zane 258, inda ake ganin jarumi Rustam da sauran mazaje suna fafatawa da dodanni da aljanu. Irin waɗannan littattafai na fada ne, kuma mutane ƙalilan ne ke samun damar ganinsu.

Rackham da labarin zoben Nibelung

A Turai, zanen tatsuniyoyi a littafi ya kai ƙololuwa ne daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗaya daga cikin fitattun masu wannan sana'a shi ne Arthur Rackham, wanda aka haifa a birnin Landan a 1867, ya kuma mutu a 1939. Daga cikin ayyukansa da aka fi sani akwai hotunan da ya zana wa wasannin Richard Wagner, Bajamushen mai tsara kiɗa da ya rayu daga 1813 zuwa 1883.

Wagner ya shahara ne da opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa tare da rakiyar makaɗa masu yawa. Babban aikinsa, Zoben Nibelung, wasanni huɗu ne a jere da ke ɗaukar kimanin sa'o'i 15, kuma an fara nuna su gaba ɗaya a garin Bayreuth na Jamus a shekara ta 1876. Ya ɗauko labarin ne daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai da labaran gumakan da suka bauta wa kafin zuwan addinin Kirista. A taƙaice, wani wada ne mai suna Alberich ya sace zinariya daga kogin Rhine ya ƙera zoben da ke ba mai shi mulkin duniya. Da aka ƙwace zoben daga hannunsa sai ya tsine wa duk wanda zai mallake shi. Daga nan kwaɗayin zoben ya riƙa halaka masu nemansa ɗaya bayan ɗaya, har da jarumi Siegfried wanda ya kashe dodon da ke gadin dukiyar, kafin daga ƙarshe zoben ya koma cikin kogi.

Kamfanin William Heinemann na Landan ya buga fassarar wasannin da Ingilishi a littattafai biyu, a 1910 da 1911, ɗauke da hotuna masu launi 64 na Rackham. Yakan fara zana siffofi da alƙalami da tawada, sannan ya bi su da fentin ruwa mai launin toka da ruwan ƙasa. Abin da ya ba shi damar isa ga dubban masu karatu shi ne wata sabuwar dabarar bugu, inda ake ɗaukar hoton zanen a raba launukansa gida uku, rawaya da ja da shuɗi, a buga su ɗaya a kan ɗaya. Da yake dabarar na buƙatar takarda mai sheƙi, sai a buga hotunan dabam, a manna su a cikin littafin da hannu. Tun bayan cikar shekaru 70 da mutuwarsa, haƙƙin mallakar hotunan ya ƙare a Birtaniya, shi ya sa kamfanoni ke sake buga su, wasu ma suna sa masu fenti su kwaikwaye su a kan ƙyalle domin sayarwa.

Zanen Sakkwato a injin bugun Turai

Wani zane da aka yi a Sakkwato ya shiga injin bugu tun kafin a haifi Rackham. A shekara ta 1824 matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka ba shi taswirar ƙasashen yankin da hanyar da kogin Kwara ke bi. An buga taswirar a Landan a 1826 a cikin littafin tafiyar. Da ya komo karo na biyu, daga cikin tsarabar da ya kawo wa Bello akwai littafin lissafin siffofi na Euclid da Larabci, kuma Clapperton ya ruwaito cewa Bello ya shaida masa sun taɓa mallakar kwafin littafin amma gobara ta cinye shi. Clapperton ya mutu a Sakkwato a 1827.

Bayansa, Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Wurno da Sakkwato a 1853, a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858 na ɗauke da hotuna masu launi, ciki har da na birnin Kano daga kan dutsen Dala. Sai dai wanda ya kammala hotunan, Johann Martin Bernatz, bai taɓa zuwa ƙasar Hausa ba, ya yi aiki ne da zane-zanen da Barth ya kawo. Don haka masana tarihi ke yin taka-tsantsan wajen kafa hujja da ƙananan abubuwan da ke cikinsu.

Littattafan boko na Zariya

Hoton labari ya shigo littattafan Hausa sosai ne ta hanyar Hukumar Talifi da ke Zariya a ƙarƙashin Rupert East. Gasar da aka shirya a 1933 ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasunsu. Daga bisani Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da aka buga a ƙarshen shekarun 1930, masu ɗauke da hotunan da ɗaliban makarantu da dama suka tashi da su.

Masu nazari sun nuna cewa Imam ya ɗebo wasu labaransa daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da kuma tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu da ake kira Grimm, ya sake musu tufafi suka zama na Hausa. Waɗannan tatsuniyoyi na Grimm na cikin littattafan da Rackham ya zana wa hotuna. Kazalika Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo tushe ne daga labarin wani jarumin tatsuniyoyin Rasha, Ilya Muromets. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da kamfanin NNPC da ya biyo baya a 1966, sun ci gaba da wannan al'ada. Daga shekarun 1980 kuma, littattafan soyayya na kasuwar Kano suka fito da bango mai zanen samari da 'yan mata.

Bugun rubutun hannu da hotunan bango

Injin bugu bai kashe rubutun gargajiya nan take ba. Tun da almajirai sun saba da rubutun Warshu na gida, sai 'yan kasuwa suka riƙa sa ƙwararrun marubuta su rubuta Alƙur'ani da Dala'ilu da Ishiriniya da hannu, a ɗauki hoton shafukan a buga dubbai. Ɗaya daga cikin marubutan da aikinsu ya yaɗu ta wannan hanya shi ne Sharif Bala Gabari na Kano, wanda ya rasu a 2014. Irin waɗannan littattafai ne masu sayar da littattafai ke shimfiɗawa a kasuwanni da bakin masallatai. A hannu guda kuma, bayan buɗe cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad a Madina a 1984, kwafe masu ɗauke da rubutun Usman Ɗaha sun shigo da yawa ta hannun alhazai da makarantun Islamiyya, abin da ya rage kasuwar marubutan gida.

Akwai kuma hotunan bango masu launi, waɗanda aka fara shigo da su daga ƙasashen Larabawa, irin su hoton Ka'aba da masallacin Madina, da na Buraƙa, da waɗanda ake dangantawa da Shehu Abdulƙadir Jilani da Shehu Ahmadu Tijjani. A yankunan da Faransa ta mallaka, hukumomi sun takura wa shigo da irin waɗannan hotuna a zamanin Gwamna William Ponty, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda tsoron tasirinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu zane a Senegal suka koma kwaikwayon su da fenti a kan gilashi, sana'ar da ta zama sananniya a ƙasar.

Shin akwai hoton Shehu?

Tambayar da ke yawan tasowa ita ce ta hotunan da ake yaɗawa a kalanda da littattafan makaranta da shafukan intanet da sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya ne a Faransa a shekara ta 1839, wato shekaru 22 bayan rasuwar Shehu, kuma shekaru biyu bayan rasuwar Muhammadu Bello. Haka nan babu wani zane da aka tabbatar cewa wanda ya ga Shehu da idonsa ne ya yi shi. Saboda haka duk hoton da aka nuna da sunansa, ko dai ƙirƙirar mai zane ce, ko kuma hoton wani mutum ne dabam aka laƙaba masa. A 'yan shekarun nan manhajojin kwamfuta masu ƙirƙiro hoto sun daɗa yawaita irin waɗannan siffofi, har da na Nana Asma'u.

Abin da mutanen zamaninsa suka bari shi ne siffantawa da kalmomi. Muhammadu Bello a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya bayyana halayen mahaifinsa da yadda yake fitowa wurin wa'azi da sakin fuska. Wannan ya yi daidai da tsohuwar al'adar littattafan Shama'ilu, waɗanda ke siffanta Annabi (SAW) da kalmomi kawai.

Ƙalubalen adanawa

Dubban rubuce-rubucen hannu na nan a Sakkwato, wasu a ɗakin karatun marigayi Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, wasu a hukumar tarihi da al'adu ta jihar da ke ɗauke da sunansa, wasu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da yawa kuma a hannun iyalan malamai. Akwai wasu a Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, dukkansu a Kaduna. Manyan abokan gabar waɗannan takardu su ne gara da laimar damina da gobara. Ita kanta tawadar da aka haɗa da ƙarfe takan ci takarda idan ta daɗe a wuri mai laima, kuma masana adana takardu na gargaɗin cewa liƙe yagaggen shafi da salatif ko rufe shi da leda mai zafi na ƙara lalata shi.

Wata barazanar ita ce ta masu sayen kayan tarihi, domin shafukan da ke da zayyana su ne suka fi tsada, kuma da yake littattafan ba a ɗinke suke ba, cire shafi ɗaya abu ne mai sauƙi. Abin da ya faru da Shahnama na Sarki Tahmasp misali ne: bayan wani attajiri ɗan Amurka ya saye shi a 1959, an wargaza shi aka rarraba shafukansa, har aka sayar da shafi guda a Landan a 2011 a kan fam miliyan 7 da ɗoriya. A Nijeriya, dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar ba tare da izini ba.

Ɗaukar hoton littattafan da na'ura da ajiye su a kwamfuta, kamar yadda shirin ceto takardun tarihi na ɗakin karatun Birtaniya ke tallafawa a ƙasashe da dama tun 2004, na taimakawa wajen tsare abin da aka rubuta. To amma hoto ba ya nuna alamar da ke cikin takarda sai an ɗauke shi ta hanya ta musamman, ba ya kuma bayyana irin sinadarin da aka haɗa tawada da shi, alhali da waɗannan ne ake gane zamanin littafi da inda aka rubuta shi. Wannan ne ya sa masu bincike ke kira ga iyalan da suka gaji irin waɗannan littattafai da su ajiye su a busasshen wuri, nesa da ƙasa da bango, su kuma bari a yi musu rajista ko da za su ci gaba da zama a hannunsu.